Likita ya ce a yi wa Hajiyarmu dashen bayan gida, ina neman wanda ya san abin

Maman Hanif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau larura ta sa. Ku yi haƙuri da tsawon zancen, ku kuma yi haƙuri da irinsa, ba mai daɗin ji ba ne.

Mahaifiyata shekararta 71, muna tare da ita a nan Manchesta tun bayan rasuwar Baba. A watan Janairu sanyi ya kama mata ƙirji, aka ce limoniya ce. Ta kwana shida a asibiti ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka sallame mu da wasu ƙwayoyin na mako guda. Ƙirji ya washe, muka gode wa Allah. Ba a yi kwana goma ba sai ga gudawa. Ruwa tsagwaronsa, sau goma, wani lokaci sau goma sha biyu a yini, ga murɗar ciki, ga wani wari da ko an wanke banɗaki sai ya zauna wa mutum a hanci. Aka gwada bayan gidanta aka ce wata ƙwayar cuta ce, C. diff.

Aka ba ta bankomaisin na sha, sau huɗu a rana har kwana goma. Ta samu sauƙi, har ta fara neman tuwo. Kwana goma sha biyu da gama maganin abin ya dawo. Aka sauya mata wani mai tsada, fidaksomisin, shi ma kwana goma. Wannan karon mun yi mako uku lafiya, na ce shi ke nan an rabu, sai ya sake dawowa ana tsakiyar azumi. Aka mayar da ita kan bankomaisin, ana rage shi kaɗan-kaɗan har mako shida. Yanzu ga mu a karo na huɗu. Da kilo 68 take, jiya da aka auna ta 57. Zobenta na azurfa da ba ta taɓa cirewa ba, a ƙarƙashin matashi na tsince shi, ya zame da kansa.

Ramar ma ba ita ta fi ci mini rai ba. Hajiya mace ce mai tsarki, tun muna yara ba ta zama ba alwala. Yanzu sai ta yi alwala, kafin ta kai kan dardumar ta karye. Na sha samun ta zaune bakin gado da carbi tana hawaye ba sauti. Ta hana jikokinta shiga ɗakinta, ƙaramar tana tsayawa bakin ƙofa tana kiran "Kaka", ita kuma ta ce je ki, je ki. Azumin bana ko ɗaya ba ta samu ba.

Ranar Talata likitan hanji ya zaunar da ni ya ce maganin da ya rage wanda ya fi sa rai a kansa shi ne a ɗebo bayan gidan wani mai lafiya, a tace, a sa mata a hanji. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Hajiya tana gefe tana kallon bakina, don ni ce tafintarta, ba ta jin Turanci sai gaisuwa. Ta ce me ya ce? Na ce mata wai za su sake shawara. Da na kira Yayanmu a Katsina na ce dashen kashi, ya ɗauka ƙashi nake nufi, da ya gane kuwa sai ya yi shiru, can ya ce kada in kuskura in bari a yi gwaji da uwarmu.

To ga abin da ya hana ni barci. Wannan magani ne tabbatacce ko gwaji ne kamar yadda Yaya yake tsoro? Na wa za a sa mata, kuma in dole ne, ba gara nawa ba, ni da na fito daga cikinta? Mene ne hukuncinsa, tunda najasa ce? Sai na ƙarshe, wanda nake jin nauyin rubutawa: zuciyata tana raya mini in ce mata wani ruwan magani ne kawai za a ɗura mata, ta sa hannu a takarda, a wuce wurin. Na san Hajiya. In ta ji gaskiya za ta iya cewa gara ta mutu da tsarkinta.

Nas Mai Aikin Dare

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Sannu, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ciki da hanji a nan Ingila, kuma da hannuna na sha riƙe sirinjin wannan magani, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Hanjin kowannenmu cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani, iri-iri, ɗaruruwa. Su suka cika wurin, su suke cinye abincin, shi ya sa mugu ba ya samun masauki. Maganin da aka ɗura wa Hajiya don limoniya bai san na gida da baƙo ba, ya share su. C. diff kuwa tana da wata dabara: tana dunƙulewa ta zama kamar iri mai ɓawo mai tauri, magani ba ya huda shi. Ki tuna wuta-wuta a gonar dawa. Ko an tuge ta tas, irinta yana kwance a ƙasa yana jira. Bankomaisin yana kashe wadda ta tsiro, ya bar irin, kuma shi kansa yana ƙara kashe masu amfanin da suka rage. Ana daina sha sai irin ya tashi ya tarar da fili ba kowa. Har ruwan maɗaciya yana da hannu a ciki: yadda yake fitowa daga hanta yana tayar da irin, ƙwayoyin kirki ne suke juya shi ya koma mai hana ta girma, in babu su babu mai juyawa. Shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar take dawo masa bayan karon farko, wanda kuma ta dawo wa sau biyu, kusan rabinsu sai ta sake. Ba sakacinki ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce.

Ki gaya wa Yaya ba da Hajiya za a fara ba. Tun 1958 wani likitan tiyata a Denver ta Amurka, Ben Eiseman, ya yi wa mutum huɗu suka tashi. A 2013 likitoci a Amstadam ta ƙasar Holan suka fitar da sakamakon gwajin da ya sauya komai: cikin mutum 16 da aka yi wa dashen, 13 sun warke a karo ɗaya, da aka sake wa sauran ukun biyu suka ƙara warkewa, 15 ke nan. Cikin 13 da aka ba bankomaisin kaɗai, 4 ne suka warke. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don an ga ba adalci ba ne a ci gaba da hana sauran. Hukumar NICE, wadda take tantance magungunan da asibitocin gwamnati suke bayarwa a nan, ta amince da shi a 2022 ga babban da cutar ta taɓa kama shi sau biyu ko fiye. Hajiya ta wuce wannan sharaɗi.

Batun naki kuwa, na fahimci zuciyarki, amma yanzu an fi amfani da na ma'ajiya. Jami'ar Birmingham tana da cibiya mai lasisi da take haɗawa tana aika wa asibitoci. Masu bayarwa ana tace su fiye da masu ba da jini: a duba jininsu don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a duba bayan gidansu don tsutsa da ƙwayoyin da ba sa jin magani, duk wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin wata uku a ajiye shi gefe. Mafi yawan masu zuwa ba sa tsallakewa. Ke kuma wata biyar kina wanke mata banɗaki, kina iya ɗauke da ita C. diff ɗin ba tare da ta sa ki ciwo ba. Abin da aka karɓa ana dama shi da ruwan gishiri na asibiti, a tace, a daskarar a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Abin da yake zuwa hannunmu ruwa ne a roba mai lamba, ba sunan kowa.

Yadda muka fi yi: za ta daina bankomaisin aƙalla awa 24 kafin ranar, a zira siririyar roba ta hanci har ciki, a tura ruwan da sirinji tana zaune a miƙe. Ba ya taɓa harshenta, ba ta ɗanɗana komai. Wasu ana yi musu ta ƙasa da na'urar leƙa hanji, wasu wuraren suna da na kafso. Za ta iya jin kumburin ciki, gyatsa, ko ɗan zazzaɓi na yini ɗaya ko biyu. Hatsarin da muke tsaro a na hanci shi ne amai ya shiga huhu, shi ya sa ake ba da maganin hana amai kuma ba a barin mutum ya kwanta nan take. Da yawa cikin kwana biyu uku gudawar take tsayawa.

Amma maganar ɓoye mata, 'yar'uwa, kada ki yi. Sa hannun da aka samu da ɓoyo ba yarda ba ce, in likita ya gane ma dole ya dakata. Ki nemi asibitin su kawo tafintan Hausa, haƙƙinku ne kuma ba a biya, ko ta waya ce. Ki zauna gefenta a matsayin 'yarta, wani ya ɗauki nauyin fassarar.

Kafin nan: sabulu da ruwa, man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe irin C. diff. Ki ware mata butarta da tawul ɗinta, ki wanke banɗaki da bilic, kayanta a wanke su daban da ruwa mai zafi. Kada ta sha Imodium, maganin tsayar da gudawa. In tana shan omefrazol, maganin olsa da ƙwannafi, ki tambayi likita ko har yanzu tana buƙatarsa. Jikoki kuma su shiga su gaishe ta, su wanke hannu in sun fito, ba sai an raba ta da su ba.

Ɗan Kurmi

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Me zai hana ku ba ta kindirmo mai kyau safe da yamma, ba an ce shi ma yana da ƙwayoyin kirki ba? Kuma in har abin yana aiki haka, ƙanena shekara biyu yana fama da taifot da gudawa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Flagyl da sifro ya sha har ba adadi, ba za a iya haɗa masa a gida ba?

Mai Haɗa Magani, Zariya

Ɗan Kurmi, don Allah kada ko a mafarki a gwada wannan a gida. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutum biyu masu raunin garkuwar jiki sun kamu da ƙwayar E. coli da ba ta jin magani daga bayan gidan mai bayarwa guda, ɗayansu ya rasu. A asibiti fa aka yi wannan, gwaji ɗaya ne ba a yi wa abin ba. To ina ga wanda aka dama a gida, a ƙasar da tsutsar ciki da atuni da ciwon hanta suke ko'ina? Mutum yana iya tafiya garau yana ɗauke da taifot a maɗaciyarsa. Kuma inda maganin nan ya tabbata shi ne C. diff mai dawowa. Ba maganin taifot ba ne, ba na kwalara ba.

Kindirmo abinci ne mai kyau, Hajiya ta sha in cikinta ya karɓa. Sai dai ƙwayoyin da suke cikinsa 'yan kaɗan ne, na madara ne, yawanci wucewa suke yi ba sa zama. Waɗanda hanjinta ya rasa yawancinsu iska ma kashe su take yi, a cikin hanjin mutum kaɗai suke rayuwa, dalilin da ya sa daga can ake ɗebo su ke nan.

Ƙanenka shi ya fi tsaya mini a rai. Kullum a kantina sai an zo an ce a ba ni Augmentin na mura, a ba ni sifro na ciwon ciki, ko a yi wa yaro allurar seftiriyazon don zazzaɓin kwana ɗaya. Waɗannan, da kilindamaisin, su ne kan gaba wajen share hanji su buɗe wa C. diff ƙofa. Gwajinta kuma ba a cika yin sa a asibitocinmu ba, sai mutum ya yi ta gudawa ana ce masa taifot ce ana ƙara masa irin maganin da ya jawo ta. Ka kai shi asibitin koyarwa ya ga likitan ciki, ka tafi da kwalayen duk abin da ya sha, ya kuma dakata da sayen magani da kansa.

Maman Hanif, ƙari a kan bayanin Nas: a Amurka abin ya kai har an yi masa rajista kamar kowane magani. Rebyota, wanda ake sa wa ta ƙasa sau ɗaya, ya samu izini a Nuwamban 2022. Vowst, kafso huɗu a rana har kwana uku, ya samu a Afrilun 2023. Wataƙila wannan ya kwantar wa Yayanku da hankali.

Malam Na Bakin Kasuwa

Allah ya sa kaffara ne. Malamai sun yi saɓani a kan magani da abu mai najasa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sauƙaƙawa. Waɗanda suka halatta sun kafa sharaɗi biyu: a rasa mai tsarkin da zai tsaya a madadinsa, kuma likita masani amintacce ya tabbatar da amfaninsa. Suna kafa hujja da ƙa'idar larura, wadda take a aya ta 173 cikin Baƙara, cewa wanda aka matsa, ba mai shisshigi ba, ba mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Bisa abin da kika faɗa, an jarraba mai tsarkin har sau uku ya gaza, tsohuwa kuma tana ƙarewa. Ki kai wa limamin da Hajiya ta yarda da shi bayanin likitan a rubuce, ta ji daga bakinsa.

Sannan ki gaya mata tun yau, wanda abu yake fita masa ba da ikonsa ba mafi yawan lokaci, hukuncinsa irin na mai yoyon fitsari ne, an yi masa rangwame. Ta tsarkake abin da ta iya, ta yi sallarta a zaune ko a kwance, kada ta riƙa ganin kanta a matsayin marar tsarki. Kuma ina tare da Nas, kada ki yaudare ta. Jikinta ne, amanarsa a hannunta take.

Likitan Dabbobi

Ɗan abin da zan ƙara, ko zai taimaka wajen yi mata bayani. Mu a aikinmu, saniyar da ta yi ciwo ta daina tuƙa, tumbinta ya mutu, mukan ɗebo ruwan tumbin lafiyayya mu ɗura mata, sai ka ga ta koma cin ciyawa. Tsohuwar dabara ce ƙwarai. In Hajiya ta tashi a gidan da ake kiwo, za ta gane wannan fiye da duk wani bayanin asibiti.

Maman Hanif

Na gode, na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta amsoshinku ya fi sau biyar, na tura wa Yaya na Nas da na Mai Haɗa Magani. Bai ce ya yarda ba, amma ya ce a tambayi Hajiya, abin da ta ce shi ke nan.

Ban jira tafinta ba, na ga bai kamata ta fara jin wannan daga bakin baƙo ba. Daren Alhamis bayan isha na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na fara da neman gafara, na ce ranar Talata ban gaya mata abin da likita ya ce ba. Ta ce ta sani, ta gani a fuskata, ta ɗauka cewa aka yi ba za ta tashi ba. Ashe kwana biyu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ta ma kira ƙanwarta ta yi mata wasiyya a kan kayan ɗakinta na gida. Wallahi ban san ɓoyon da na yi ya kai ta can ba.

Likitan Dabbobi, da maganarka na shiga. A Dutsin-ma ta girma, kakanmu yana da shanu. Na ce mata maganin limoniya ya kashe mata abin da yake riƙe da hanji, kamar saniyar da ta daina tuƙa, kuma sai an ɗebo daga mai lafiya. Ta ce daga ina? Na faɗa mata da sunansa, ban sakaya ba. Ta juya fuska bango, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta tambaye ni ko ta baki za ta sha, na ce a'a, na kwatanta mata robar hanci. Ta ce mutumin ya san ita za a ba? Na ce bai san ta ba, ita ma ba za ta san shi ba. Ta ce to shi me za a ba shi? Na ce taimako ne yake yi. Sai ta ce, Allah ya biya shi.

Ba ta amsa a daren ba. Ta ce sai ta ji daga bakin limaminmu, muka kira shi da safe na karanta masa takardar likita, suka yi magana su biyu na fita na ba su wuri. Da na dawo ta ce in gaya wa likita ta yarda, da sharaɗi biyu: mace ce za ta sa mata robar, kuma kada a faɗa wa mutanen gida, daga ni sai Yaya.

An ba mu ranar Laraba ta sama, ƙarfe tara na safe, tafinta zai kasance a waya. Za ta sha bankomaisin na ƙarshe daren Litinin. Nas, tambaya ɗaya ta rage: sun ce kada ta ci komai tun daren Talata, ita kuma tana shan maganin hawan jini da asuba. Na kira sashen ba a ɗauka ba, zan sake kira gobe, amma in kin ga wannan kafin nan ki gaya mini yadda kuke yi da masu irin wannan maganin.